Ginshiƙi na Huɗu a Bargar Yaya

Ranar sadakar uku ta wan maigidana, ga waɗanda suka zauna a inuwar barga: ɗansa, wanda ke auren ɗiyata; ɗiyar tawa da 'ya'yanta uku; 'yarsa da mijinta, ɗan kasuwa mutumin Maraɗi; tsohon amininsa da suka taka ƙasar Sudan tare, wanda yanzu sai an riƙe masa hannu; limamin ɗalibai da jama'arsa; matan ɗaliban da suka zo taya mu girki; Bamasaren da ke kula da dawakin gonar; sai ɗan mai gonar, wanda ya zo daga Zamalek, unguwar masu kuɗi, bayan azahar da takalmi mai ƙyalli. Sai ni. Sai tsohuwar goɗiya, wadda ba ta sa bakinta a abinci ba tun ranar da aka fita da shi.

Ban yi karatu ba. Ɗiyata ce ke riƙe da biro, na kuma ce mata kada ta gyara mini magana. Sunan marigayin ba zai fito a nan ba. Ban kama shi yana raye ba, ba kuwa zan fara yanzu ba. Yaya nake ce masa.

Kowa da irin kukansa a ranar. 'Yarsa ta zauna ta juya wa mutane baya, ba a ji muryarta ba. Mai kula da dawaki, ƙaton mutum mai gashin baki, shi ne ya fi kowa zubar da hawaye, yana ta cewa "Ammu, Ammu," wato baffa. Liman ya ce babu ɗakin ɗalibi a Giza da ba a samun wani abin da marigayi ya gyara, ko ƙofa ko ƙafar gado. Amininsa ya ce, "Tun muna samari ban taɓa ganin ya shiga ƙarƙashin rufi bai ɗaga kai ba. Ko a masallaci sai ya duba abin da ke riƙe da sama kafin ya tayar da salla." Aka yi dariya kaɗan.

Ɗan mai gonar ya yi mana gaisuwa irin tasu, ya karɓi shayi, amma idonsa na kan rufi. Larabci ba ya fita a bakina sosai, sai dai kunnena ba ya barin ko ɗaya. Na ji ya ce wa surukina mahaifiyarsa, mai gonar, ta bar bargar a tsaye ne kawai saboda tsoho ya tsaya mata. Yanzu da babu tsoho, injiniya zai zo bayan mako guda. In ya ce ginin ba shi da lafiya, za a rushe a yi na ƙarfe da siminti. Ya ce, "Ma'alish," wato a yi haƙuri, ya dafa masa kafaɗa.

Ɗakunanmu biyu a jikin bargar suke, rufi ɗaya ne. In ta tafi, mun tafi. In kuma ta faɗo da kanta, kan jikokina za ta faɗo.

Wanda bai ga bargar ba ba zai gane abin da nake wa tsoro ba. Tana bayan Giza, inda gidajen bene suka ƙare gonaki suka fara, duk da yanzu benayen sun kusa cim mana. An gina ta tun zamanin kakan kakan mai takalmin nan. Itacen daga ƙetaren teku aka kawo shi a jirgin ruwa, don ƙasar nan ba ta da dogayen itatuwa masu miƙewa haka. Ginshiƙai goma sha biyu ne, shida a kowane gefe. Babu wanda aka binne a ƙasa. Kowanne a kan dutsensa yake tsaye, don kada fitsarin doki da laima su ci gindinsa. A bisa kansu manyan gumagumai sun kwanta a gicciye, ga wasu gajeru sun tokare su a karkace kamar mutum ya riƙe ƙugu. Inda itace ya haɗu da itace, an fafe rami a ɗaya, an sassaƙe bakin ɗaya ya shige, sannan aka huda su tare aka buga ƙusar itace mai kaurin babban yatsa. Tubalin da ke tsakanin ginshiƙai labule ne kawai, ba ya ɗauke da komai. A duk ginin babu ƙusar ƙarfe ko ɗaya.

Yaya ya ce ƙarfe da itace zaman dole suke yi. Tururin fitsarin dawaki zai sa ƙarfe tsatsa, tsatsa ta kumbura, ta tsaga itacen daga ciki ba wanda ya gani. "Itace ɗan'uwansa yake so," in ji shi. "Tare suke kumbura da sanyi, tare suke ramewa da zafi."

Ɗan masassaƙa ne daga ƙauyenmu a ƙasar Daura. Ya fita da ƙafa da niyyar hajji tun kafin a kai ni gidansu, ya tsaya Sudan neman guzuri, guzuri ya zama aure, aure ya zama 'ya'ya. Hanya ta karkato da shi Masar. A gonar nan ya tarar da wani tsohon kafinta da ido ya fara gagara, ya zama idonsa, daga baya ya zama hannunsa. Shi ma bai yi boko ba, amma yana karanta tsagar da magina na farko suka yi a jikin kowane mahaɗi, tsaga ɗaya, tsaga biyu, tsaga uku da gicciye, yana gane wane itace ne mijin wane.

Kullum bayan asuba, kafin ya sha komai, sai ya ɗauki gudumarsa ta itace ya zaga. Kowane ginshiƙi bugu uku: gindi, tsakiya, sama iyakar inda hannunsa ya kai. Ya buga ya karkata kai ya saurara. Ni ina bakin madafa ina haɗa koko, ban taɓa nuna ina kallo ba. Shekara goma sha ɗaya ke nan tun da na zo wankan jegon ɗiyata ban koma ba, maigidana ya riga ya rasu, babu mai jirana a gida. Shekara goma sha ɗaya ina jin bugun nan. Lafiyayyen ginshiƙi yana amsawa a taƙaice, kamar an ƙwanƙwasa goshi. Wanda ƙusarsa ta saki yana jan murya, da ɗan rawa a ƙarshe.

Ni da shi ba ma magana kai tsaye. Wan miji ne, kuma surukin ɗiyata, kunya biyu ke nan. In yana da magana da ni, sai ya je wurin goɗiya ya ɗaga murya.

"Ke, ki gaya wa matar ƙanena ruwan wankinta yana gangarowa gindin ginshiƙi na biyu."

Ni kuma sai in ce wa tukunya, "Ki gaya wa mai dawaki ruwa ba ya jin Hausa, gangare yake bi. In yana so, ya haƙa masa hanya."

Kafin la'asar ya haƙa.

Sanyin farko da na yi a ƙasar nan ya kusa kashe ni. Kujerunsu dogaye ne, ƙafa na lilo, in na zauna ƙasa kuma gwiwa ta ƙi tashi. Ban gaya wa kowa ba. Wata safiya na buɗe ƙofa na tarar da 'yar kujera irin tamu ta gida, tsayinta daidai inda gwiwata ke yarda. Bai auna ni ba, bai tambaya ba. Na ce wa tukunya ta yi godiya. Na ji yana ce wa goɗiya, "Guntun itace ne ya rage, ya fi a zubar." A kanta nake zaune yanzu. Ko motsi ba ta yi.

Faɗanmu ɗaya ne babba, a kan taɓaryata. Da na tabbata zama ya kama ni, na aika gida aka sako mini ita cikin kayan 'yan kasuwa, don ba na cin yajin da inji ya niƙa. Ta kirya ce, baƙa, mai nauyi. Mahaifinsu ne ya sassaƙa mini ita da hannunsa shekarar da aka kai ni gidan. Ranar da ta iso, Yaya ya gan ta jingine a bango. Ya tsaya. Ya ɗauke ta, ya bi jikinta da yatsa daga sama har ƙasa, inda gizago ya bar sawu. Ya daɗe. Shekara hamsin rabonsa da ganin aikin mahaifinsa, bai kuma ga gawarsa ba. Na shige ɗaki na bar shi da ita.

Bayan kwana biyu sai na ji shi wurin goɗiya.

"Ki gaya wa matar ƙanena, zuciyar kirya ce wannan, ta shekara arba'in tana bushewa. Babu irinta a Masar duka. Ƙusa ashirin za ta yi waɗanda za su binne jikokin jikokinmu. Zan sassaƙa mata wata da bagaruwa."

Na ce wa tukunya, "Ki gaya masa ya sassaƙa ƙafarsa."

"Ki gaya mata wannan itacen ya fi ƙarfin dakan barkono."

"Ki gaya masa dawakin wani ba za su ci kayan aurena ba."

Wata guda tukunya da goɗiya ba su gaisa ba. Daga ranar a ƙarƙashin gadona taɓaryar ke kwana. Bai sake tayar da maganar ba, sai dai duk sanda nake daka nakan ga ya rage tafiya yana sauraro.

Da bagaruwar bakin rafi ya ci gaba da yin ƙusoshinsa. Yakan sare reshe da sanyi, ya tsaga, ya fere kowace mai kusurwa takwas, don ya ce mai zagaye sulɓewa take, mai kusurwa ita ke cizo. Sai ya zuba a kwando ya rataye a ɗakin kayansa shekara biyu cur. Ɗanyar ƙusa, in ji shi, munafuka ce: ta shiga da ƙarfi, zafi ya zo ta rame ta saki. A ƙasa kuma akwai wani kwandon na ɓaraguzai da guntaye, wanda yake bari in ɗiba in hura gawayi.

Ɗansa bai koyi aikin ba. Direba ne a wani ofis a Mohandessin, ya fita da duhu ya dawo da duhu. Yaron kirki ne, ban taɓa jin ya ɗaga wa ɗiyata murya ba, amma in ka ba shi gizago zai tambaye ka ina ake kunna shi. Uban bai matsa masa ba. Ya ce mota ma barga ce, kowa da dokinsa.

Ciwon bai ja shi da yawa ba. Kwana tara ya yi a kwance a ƙarshen sanyi. Rana ta bakwai na kai masa kunu, ɗakin babu kowa, babu goɗiya babu tukunya. Ya dubi bango, ya yi magana da shi.

"Ginshiƙi na huɗu, gefen ɗakin yara. Mahaɗin sama yana buɗewa. Ƙusa shida ne, duk sun gaji. Na so in canja su kafin zafi, sababbin sun bushe, suna cikin kwandon sama. In ƙwallon dabino ya shiga tsagar a kwance, kada a bar yara su kwana a ɗakin."

Na ce wa bangon, "An ji."

Ya ce, "Na san ana ji. Shekara goma sha ɗaya ana ji daga bakin madafa."

Na ɗauki kwanon na fita.

To, ga abin da ya faru ranar sadakar, kuma ba zan ɗora wa kowa ba. Mutane sun fi yadda muka zata. Murhun gas ba ya ɗaukar babbar tukunya, ni kuma na ce wanda ya haura shekara hamsin yana kewar tuwon gida ba za a yi masa sadaka da burodi ba. Na sa aka kafa duwatsu uku a bayan barga. Matar wani ɗalibi ta ce, "Inna, ina itace?" Ina tsakiyar karɓar gaisuwa, na ce, "Ku duba ɗakin kayansa, akwai kwando." Kwando na ce. Ban ce na ƙasa ba. Ni da nake ƙirga cokulan gidan nan kowace yamma, ni da nake ganin ƙudan da ya faɗa miya daga ƙofar gida, ban ce na ƙasa ba.

Tuwon ya yi kyau. Kowa ya faɗa. Amininsa ya ce rabonsa da jin ƙamshin hayaƙi irin wannan tun ƙuruciya. Matan suna ta yaba wutar, wai ba hayaƙi mai yawa, ba tartsatsi, ga ta da daɗewa. A nan ne na tuna da kwandon sama. Ɓaraguzai ba sa daɗewa.

Bayan la'asar, da ɗan mai gonar ya tafi, na zaga baya. Kwandunan biyu duk suna kife a gefen murhu. Na tona tokar da tsinke. Na sami guda ɗaya da wuta ta ci rabinta, sauran rabin da kusurwoyinta takwas. Na sa ta a bakin zane na ɗaure. Matar da ta ɗebo ta ga fuskata ta ce, "Inna, lafiya?" Na ce, "Lafiya. Allah ya ba da lada." Me zan ce mata? Abin da na ce ta yi, shi ta yi.

Na ɗauki dabino ɗaya daga faifan sadaka, na ci, na riƙe ƙwallon. Na ce wa mai kula da dawaki ya kawo tsani. Ya ce, "Hajja, ke?" Na ce yalla, maza. Ya riƙe, na hau matakala biyar, gwiwata na zagina. Tsagar na nan inda gungumen ya shiga kan ginshiƙi na huɗu, kafin ya ratsa bango ya bi ta saman gadon jikokina. Na kai ƙwallon a kwance. Bai shige ba, amma bakinsa ya kama, ya tsaya da kansa ba tare da na riƙe ba. Kuma zafi bai ma fara ba.

Kafin magariba na sa ɗiyata ta kwashe shimfiɗar yara ta kai ɗakina. Sannan na kira surukina, na kwance bakin zane na nuna masa. Ya daɗe yana kallon guntuwar ƙusar.

"Duka, Inna?"

"Duka."

"To gobe in sayo dogayen ƙusoshi na ƙarfe masu noti. Kafin injiniya ya zo an ɗaure, khalas, shi ke nan."

"Ubanka kwana uku a ƙasa, za ka sa masa ƙarfe a gini?"

"To a saro bagaruwa."

"Ɗanya? Ta riƙe mako biyu ta ruɗi injiniya, zafi ya zo ta saki a kan 'ya'yanka?"

Ya zauna a bakin kwamin dawaki, ya riƙe kai. "Ni ban san komai a kai ba, Inna. Kullum ina cewa sai na samu hutu zan tsaya ya nuna mini."

Ban rarrashe shi ba, ban iya ba. Na ce, "Gobe kada ka je aiki."

Ya ce suna jiransa a ofis. Na ce su jira, ai ba su ne suka yi rashi ba.

Allah ya jiƙan Yaya. Ya riƙe rufin da ba nasa ba shekara da shekaru, bai taɓa barin ya ɗiga a kan dabba ko mutum ba. Allah ya sa kabarinsa ya fi bargar nan sanyi, ya haɗa shi da mahaifinsa da ƙanensa. Wanda ya karanta wannan ya yi masa addu'a, ya haɗa da ni, don ni na ƙone masa aikin shekara biyu a ƙarƙashin tukunyar tuwo.

Da gari ya waye, bayan na yi salla, ban ɗora koko ba. Na durƙusa na jawo taɓaryar daga ƙarƙashin gado. Na goge ta da zane. Na fita da ita na gicciya a kan kwami, na ɗauko zartonsa. Ɗiyata ta fito ta gan ni, ta ce, "Inna, ta Kaka ce fa." Na ce ta riƙe mini wancan bakin.

Kirya ba ta yarda da sauƙi. Na yi ta ja har kafaɗata ta mutu, mai kula da dawaki ya karɓa, surukina ya karɓa daga hannunsa. Da ta rabu, cikinta ja ne wur, a bushe kamar ƙashi. Muka tsaga. Na ajiye guntuwar da wuta ta bari a gabana, na zauna a 'yar kujerata da wuƙarsa, ina fere ina gwadawa, kusurwa takwas. Ta farko ta karkace, na jefar. Ta biyu ma. Hantsi ya yi kafin shida su tsaya.

Mazan biyu suka tokare gungumen da dogon itacen da Yaya ke ajiyewa don haka, suka ɗaga har tsagar ta rufe baki. Surukina ya hau tsani. Tsofaffin ƙusoshin da yatsa ya zaro su, biyu ma a karye suka fito. Ya sa sabuwa, ya buga sau uku, ya leƙo.

"Ta shiga, Inna."

Na kara kunnena a jikin ginshiƙin. "Ƙara."

Ya ƙara.

"Ba jariri kake lallashi ba. Ƙara."

A ta shida na karɓi gudumar da kaina. Na buga gindi, na buga tsakiya, na buga sama iyakar inda hannuna ya kai. Ya amsa a taƙaice, babu rawa. Abin da injiniya zai ce, Allah ne ya sani. Na zaga sauran goma sha ɗayan, uku uku. Na tara yana ɗan jan murya, na sa masa alama da gawayi, akwai sauran kirya.

Da na iso wurin goɗiya, na zuba mata dusa, na tsaya har ta sunkuyar da kai ta fara ci. Sannan na ce mata, "Ki gaya masa ya samu taɓaryar."